Butar Sam

Adireshin da mutumin ya ba ni gaskiya ne, wannan kam ba zan yi mashi ƙazafi ba. Titin yana nan a birnin da jirgi ya sauke ni a Ostireliya, lambar ma tana nan. Gidan ne kawai babu. Wurin wankin mota na tarar, da wani saurayi mai 'yar zobe a hanci yana fesa wa wata mota ruwa. Na nuna mashi adireshin, ya duba, ya dube ni da akwatina, ya ce ni ne na uku a watan nan.

Mutumin ɗan ƙasarmu ne, ta waya na san shi, kuma bai taɓa gama jimla ba tare da ya kira ni ɗan'uwa ba. Guzurin da na tanada don masauki shi na tura wa tun ina gida. Da na buga lambarshi a bakin wurin wankin motar, wata mata ce ta amsa cikin ladabi, ta ce wannan lamba ba ta aiki.

Ni malamin aikin gona ne a wata sakandare a Batsari, amma asalina wani ƙauye ne kusa da Runka, a ƙasar Safana. Ƙauyen yanzu babu kowa cikinsa sai ƙadangaru. Tun da 'yan bindiga suka tashe mu, Inna take zaune a gidan ƙanenta, Kawu Isiyaku, limamin unguwarsu a Batsari. Gurbin karatun da na samu, kan noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa, ya ɗauke mani kuɗin makaranta, amma kwana da ci a wuyana suke. In na rasa wurin kwana, karatu ya ƙare. Inna kuwa babu matar da ba ta shaida wa ba, tun daga bakin rijiya har gidan suna, cewa Kabiru ya tafi koyo yadda za a koma gona.

Tashar binciken da aka tura ni ba a birnin take ba. Motar haya ta yi ta tafiya da mu cikin gonakin alkama da ba su da iyaka, babu mutum, babu jaki, babu ko yaro mai ɗaga hannu. Na saba da daji mai ban tsoro saboda waɗanda ke cikinsa. Wannan tsoronsa na rashin kowa ne. Garin da aka sauke ni titi ɗaya ne, da manyan rumbunan siminti, da itatuwan turare irin waɗanda ma'aikatan gandun daji suka dasa mana a bakin hanyar Katsina. Da na gan su sai da na ji kamar na ga ɗan unguwa. Hankakinsu kuma ba ya kuka irin namu. Jan murya yake yi, ya sauke ta a hankali, kamar jaririn da ya gaji da kiran uwarsa.

Lokacin da damina ke sauka a gida, su nan sanyinsu ke kamawa. Na yi 'yan kwanaki ina laɓewa a ɗakin karatun tashar da sunan ƙwazo, har mai gadi ya fara yaba mani da wata irin murya. Wadda ta gane ni ita ce Bev, wata dattijuwa mai kawo wa tashar burodi. Ta dubi kwalar rigata, ta dubi akwatin da na tura ƙarƙashin tebur, ta tambayi sunana.

"Kabiru."

"Kab," in ji ta. Nan take aka yanke mani rabin suna, ba a kuma mayar mani da shi ba har na bar ƙasar. "Ka iya shara? Ka iya injin yankan ciyawa?"

Ita ce sakatariyar kulob ɗin ƙwallon garin. Suna neman mai share ɗakunan canza kaya da gyaran fili, kuma akwai wani ɗan ɗaki a bayan sito mai gado da hita ta ɗumama ɗaki. Babu albashi, babu kuɗin haya. Sharaɗin kwamiti ɗaya ne, ta faɗa mani sau biyu: kada in canza wa komai wuri. Da yamma ta kawo mani miyar kabewa da wata rigar sanyi ta marigayi mijinta. Hannun rigar ya wuce yatsuna, amma na sa ta har sanyi ya fita.

Ƙwallon nasu ba tamu ba ce. Siffarta kamar gwanda, filin kuma kamar ƙwai, a kowane ƙarshe an kafa dogayen turaku huɗu babu raga. Mutum goma sha takwas ne kowane ɓangare, cikin riguna marasa hannu a wannan sanyin. Ana buga ta da ƙafa, ana naushinta, ana gudu da ita, ana taka bayan mutum a cafe ta a sama, alƙalin wasa yana kallo bai ce uffan ba. Abin da a filin makarantarmu zai sa a kira iyaye, a nan tafi ake yi mashi. Wasan kashi huɗu ne, da hutu uku a tsakani.

Tarihin kulob ɗin a bakin Ron na ji shi, wani tsoho dogo, wanda ya buga wa kulob ɗin, ubansa ya buga, kakansa ya buga. Ya tsayar da ni gaban hotunan da ke jere a bangon zauren. Ya ce kulob ɗin ya girmi gidan waya, ya girmi cocin garin. Masu haƙar rijiya da masu askin tumaki da leburorin reluwe ne suka kafa shi. Da hannu suka share filin, suka ƙone kututture. Ƙwallon farko wani baduku mai ɗinkin sirdi ne ya ɗinka ta, turakun farko kuma daga dajin turare aka saro su, a karkace, har baƙi suna ƙorafin cewa turakun ma 'yan gida suke goya wa baya.

Hoton farko ya koma ruwan ƙasa. Maza ne masu gashin baki, sun harɗe hannuwa. Ron ya bi su da yatsa.

"Wannan yaƙi ya ci shi. Wannan ma. Wannan rijiya ta rufta da shi. Waɗannan biyun wa da ƙane ne, yaƙi. Wannan kuwa ya daɗe a duniya har ya ishi kowa. Kakana ke nan."

A can gefe akwai wani dogo, baƙi-baƙi, babu takalmi. Kowa ya fito sarai, shi kaɗai fuskarshi ta dushe, kamar ya juya kai daidai lokacin da aka ɗauka.

"Wannan fa?"

"Sam," in ji Ron. Ya wuce hoto na gaba.

Ranakun wasa a kicin nake wuni ina wanke kofuna, don haka abu ɗaya kawai na lura da shi. A hutun ƙarshe, wajen la'asar, hayaniyar filin takan ɗauke ɗif. Mutum ɗaruruwa, da yara da karnuka, a ji shiru na ɗan lokaci, sa'an nan jiniya ta yi kuka a ci gaba. Na ɗauka cikin dokokin wasan ne. Wasan da ake taka bayan mutum, me zai ba ni mamaki a cikinsa?

Abin ya faru wata Juma'a, ana gobe wasan gida. Babu masallacin Juma'a a nan kusa, amma kewar gida ta sa na sa farin kaftanina. Na wuni ina zana layukan fili da farin fenti. Mai gyaran famfo ya kashe ruwan ginin ya tafi neman wani ƙarfe bai dawo ba, ga la'asar tana neman wucewa. Ina can ƙarshen fili, bayan turakun yamma, sai na hangi wani abu a gindin wani tsohon itacen turare.

Buta ce. Ta ƙarfe, tsohuwa, mai dogon baki, da murfinta, cike da ruwa.

Wanda bai yi nisa da gida ba ba zai gane abin da na ji ba. Wata da watanni ina alwala a kwamin wanke hannu, ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe. A wurinmu kuwa buta a gindin itace ba ta kowa ba ce, ta wanda lokacin salla ya riska ce. Ban yi tunanin kwamiti ba. Na tuɓe takalmi, na tsuguna, na yi alwala irin ta mutane, na bar kusan rabin ruwan saboda na baya, yadda aka koya mana.

Kusa da wurin akwai wani faffaɗan dutse shimfiɗe cikin ciyawa, ya yi sulɓi. Tun ina yaro alƙibla gabas ce, har kalmomin biyu suka zame mani ɗaya. A ƙasar nan sai da waya ta koya mani fuskantar yamma, da ɗan karkata arewa. Dutsen nan daidai haka ya miƙe. Na lura, amma ban tsaya tambayar kaina wa ya shimfiɗa shi ba. Na tayar da salla.

A raka'a ta biyu aka taɓa mani kafaɗar dama.

Taɓawa ce irin wadda kowa ya sani, ta wanda ya makara ya tarar da kai kana salla kai kaɗai, yana so ka ja shi. Yatsun da sanyi. Raina ya yi fari. Na ce cikin zuciyata ashe akwai Musulmi a garin nan, wataƙila cikin ma'aikatan wata mayanka da ke kan hanya. Na ɗaga murya a kabbara yadda liman ke yi. Da na yi ruku'u na ji motsin tufafi a gefena. Da na yi sujada na ji ciyawa ta kwanta. Har numfashi na ji, a hankali, irin na mutumin da ya yi gudu ya fara hutawa.

Na yi sallama, na juya in miƙa hannu. Babu kowa.

Fili ne fetal, ko kare ba zai ɓuya a cikinsa ba. Hankakin da suka wuni suna kuka sun yi tsit. A kafaɗar kaftanina akwai ɗigon jiƙa guda uku. Na ɗaga butar, na ji ta sakayau. Murfinta a rufe, tana tsaye yadda na ajiye ta, ƙasan da ke kewaye da ita a bushe, amma babu ko ɗigo a ciki.

Ni malamin kimiyya ne. Na koya wa yara yadda rana ke shanye ruwa, har da zane a allo. Na tsaya ina lissafin ko ranar sanyi za ta iya shanye rabin buta cikin raka'a huɗu, sai na ji ihun Bev daga ɗaya ƙarshen filin. Ron ne kwance a ƙasa kusa da motarshi, goshinshi yana jini.

Washegari aka lallasa kulob ɗin a gida, wani matashin ɗan wasa kuma ya karye a kafaɗa. Babu wanda ya zage ni. Mutanen nan ba su iya zagi ido da ido ba, sai dai kofunan da ake miƙo mani ta tagar kicin aka koma ajiye su a kan dakali. Da yamma Bev ta same ni.

"Kab, butar Sam ka taɓa."

"Ba wanda ya gaya mani ta wani ce."

"Ba wanda ake gaya wa. Da saninta ake haihuwar kowa a nan." Ta ce Ron ne ke cika ta duk jajibirin wasan gida, kafin shi ubansa, kafin shi kakansa, kuma kullum da safe a tarar da ita babu ruwa. Kwamiti zai zauna ranar wasan gida mai zuwa a kan maganar ɗakina. "Kada ka haɗa kaya tukuna," in ji ta. "Amma ka san inda akwatinka yake."

Na je duba Ron a ƙaramin asibitin garin, na fara ba shi haƙurin tsoratar da shi da na yi da fararen kaya. Ya ɗaga hannu.

"Kai na gane ka tun daga nesa. Wa ke tafiya kamar hedimasta a garin nan in ba kai ba? Ba kai ka kayar da ni ba. Wanda ke gefenka ne."

Na nemi kujera na zauna.

Ya ce Sam cikin masu raƙuma yake, mutanen da aka kwaso daga wajen Afganistan da Indiya suna yi wa ƙasar nan dakon kaya kafin jirgin ƙasa ya iso. Da reluwe ta zo 'yan'uwanshi suka watse, shi ya zauna. Babu wanda ya kai shi tsalle, kuma bai taɓa yarda ya sa takalmi ba. Sharaɗinshi ɗaya: in an zo hutun ƙarshe, zai ɗauki butarshi ya zaga bayan turaku, kuma ba za a ci gaba ba sai ya dawo. Ƙungiyoyin baƙi sun yi ta ƙorafi, 'yan gida suka ce ko a jira Sam ko a fasa wasa. Shirun da nake ji ke nan. Har yau jiran Sam ake yi.

"Wanke ƙafa yake yi, don sa'a," in ji Ron. "Haka muka taso muka ji."

Wata bazara raƙumarshi ta ƙarshe ta ɓace, ya bi ta daji. Abokan wasanshi ne suka samo shi, ƙishirwa ta kashe shi, butar tana gefenshi a bushe. Maƙabartar coci ta ce sai dai a bayan shinge. Abokan suka ce a'a, suka kawo shi filinsu, suka haƙa mashi a dama da dutsen nan nashi.

"Da suka sa shi, me aka karanta?"

"Kakana ya ce sun cire huluna sun tsaya. Kowa yana jiran wani ya fara. Ba wanda ya san kalmomin mutumin. Daga ƙarshe suka rera waƙar kulob, don ita kaɗai suka iya gaba ɗayansu. Har ya mutu abin yana cin shi. Ya ce sun sa mutum a rami kamar ana bin su. Kai me kake yi a wurin, da kai da shi?"

Na gaya mashi. Na ce Sam kuma, in an bi yadda suka yi wa nawa sunan, wataƙila Abdussamadu ne ko Abdussalami. Allah kaɗai Ya san sauran.

Da la'asar ɗin can, daidai an sauko daga sallar asuba a Batsari, na kira Kawu. Sai da muka gama gaisuwa kaf, da gida, da Inna, da damina, da labarin hanyar Runka wanda ba shi da daɗi, sa'an nan na zayyana mashi.

"To," in ji shi. "Shi wanda ya taɓa ka ɗin, ya gyara maka wani abu a sallar?"

"A'a, Kawu."

"Ashe mai haƙuri ne. Ni da na bi ka da na gyara." Na ji yana kurɓar koko. "Mi kake so in ce maka, Kabiru? Aljani ne ko mutum, ban gani ba. Amma Musulmi an rufe shi ba salla, wannan na gane shi. Malamai sun yi saɓani kan kabarin da ya daɗe haka. Kai dai je ka yi mashi. In ba ta zama salla ba ta zama addu'a. Kuma kada ka gaya ma uwarka, sai ta ce ka dawo gobe."

Ranar da aka sallami Ron ya sa Bev ta tara 'yan kwamitin a fili da hantsi. Suka tsaya nesa, huluna a hannu, yadda na tabbata kakanninsu suka tsaya. Sai a ranar na ga ɗan tudun da ke dama da dutsen, ciyawa ta rufe shi. Na tsaya a kansa na yi kabbara huɗu, babu ruku'u babu sujada. Cikin addu'ar na sa mutanen ƙauyenmu da aka bari a daji ranar da aka gudu, waɗanda su ko waƙar kulob ba su samu ba. Ba zan ɓoye ba, kafaɗata tana jira. Ba a taɓa ta ba. Wani hankaka ya ja kukanshi a kan itacen, shi ke nan.

Jajibirin wasa Ron ya cika butar. Da safe muka je tare. Ya ɗaga ta, ruwa ya zubo ta baki ya jiƙa mashi takalmi. Ya daɗe a tsaye yana riƙe da ita.

A zaman kwamitin wani mai kiwon tumaki, uban yaron da ya karye, ya ce magana ta ƙara lalacewa. Da ma taɓa buta kawai na yi, yanzu na kori Sam ɗungurungum, kulob ya rasa abin da ya gada. Wasu suka gyaɗa kai. Na fara tuna inda akwatina yake.

Ron ya dangwarar da butar a kan tebur, a cike.

"Mutum ya yi ta jira tun zamanin kakana, ya samu abin da yake jira, ya tafi. Ban ga abin fushi ba. Amma ni tun ina saurayi nake cika butar nan, kuma ba ta taɓa kwana da ruwa ba. Mutum ɗaya ne a garin nan ya san abin da ake yi da ita. Ku kore shi, sai ku gaya mani wa za mu jira a hutun ƙarshe."

Bev ta ce to a wuce magana ta gaba, batun mai gyaran famfo.

Haka na gama karatuna a ɗakin bayan sito. Duk wasan gida, in jiniyar hutun ƙarshe ta yi kuka, sai in ajiye kofuna, in ratsa filin a gaban gari guda, in zaga bayan turaku. Babu mai tari har in dawo. Ban taɓa yin salla da natsuwa da kuma sauri irin waɗannan ba.

Ranar da zan taho Ron ya raka ni bakin motar haya, ya ce yanzu wa zai cika wa. Na ce ya ci gaba da cikawa, a wurinmu ba a ajiye buta don mutum ɗaya, ta duk wanda ya biyo hanya ce.

Na koma aji a Batsari. Ƙauyenmu har yanzu ba a koma ba, abin da na koyo a bayan makaranta nake gwada shi, cikin 'yan kunyoyin gero. Kwanakin baya Ron ya kira ni, muryarshi ta ƙara tsufa. Bayan ya ba ni labarin wasannin da aka ci su, ya ce butar ta koma wayar gari babu ruwa. Ba kullum ba, wani lokaci.

Na ce wataƙila matafiyi ne.

Ya ce e, shi ma haka ya ɗauka. Daga ni har shi babu wanda ya tambayi wane iri.